Wasiƙar Mai Gida Ba Takardar Ƙunshe Tsire Ba Ce



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajen hayarmu na Agege, mun daɗe muna kau da kai, to yau dai sai an fasa ƙwai. Maganar takardun masu gidaje ce. Kowa ya sani, gidaje da yawa a unguwar nan masu su ba sa cikinsu. Wani Alhajin ya gama neman kuɗinsa a goro ko a shanu ya koma Kano ko Sakkwato ya huta. Wani dattijon Bayarabe ne ya koma Abekuta ko Ilori. Wani yana Landan wajen 'ya'yansa. Wani kuma ƙasa ta rufe idonsa, magada sun watse, kowa ya kama gabansa. Sai dai duk inda mai gida ya tafi, adireshinsa yana nan bai bi shi ba. Banki da wannan adireshin ya san shi, kotu nan za ta neme shi, gwamnati nan take aiko masa takardar haraji. Wa ke karɓa? Mu 'yan haya. Me muke yi da su? To nan abin kunyar yake.

Ku shiga duk gidan ɗaki-ɗaki da kuka ga dama, ku ɗaga kai ku duba saman mita ko bayan ƙofar zaure. Za ku ga ambulan sun yi ƙura, wasu ruwan sama ya jiƙa su sun bushe sun sake jiƙewa har rubutun ya goge. Wannan ma gidan masu dama-dama ke nan. A wani gidan yara ne ke yin jirgi da su. A wani uwargida ce ke yago su tana kunna gawayi. Akwai mai tarawa ya miƙa wa mai tsiren bakin titi. Akwai wanda ya fi kowa ban haushi, mai ɗan guntun boko, ya farke ambulan ya karanta, da la'asar ya zo majalisa yana ba da labari: ashe bashi ya yi wa Alhaji katutu, ashe banki na nemansa. Na ƙarshensu shi ne mai ramuwa, wanda zai ga takarda da tambarin kotu ya cusa ta ƙarƙashin katifa yana murmushi, wai ai mutumin nan ya ƙara masa kuɗin haya bara, bari ta ci shi.

Abin da muke son faɗa guda ɗaya ne. Takardar da ta zo da sunan mai gida amana ce ta faɗo hannunmu, ko mun so ko ba mu so ba, kuma sau da yawa makomar rufin da muke kwana ƙarƙashinsa tana cikin ambulan ɗin nan. Wanda ya wulaƙanta ta ya ci amana, ya taka dokar ƙasa, sannan ya haƙa ramin da shi da iyalinsa za su fara faɗawa.

Mu fara da abin da muka karanta tun muna gaban malamai. Duk wanda ya yi Risala ya bi ta kan hukuncin ajiya da tsintuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya maganar a fili take: wanda aka bai wa ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa, in ya yi sakaci, ko ya yi abin da ba a ba shi izini ba da ita, lamuni ya hau kansa. Tsintuwa ma ba ta zama taka don ka tsince ta, cigiya ake yi. To ina ga abin da sunan mai shi ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa? Suratun Nisa'i ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita, Suratul Hujurat ta hana mu binciken asirin juna. Mun kuma sani a tarihi, lokacin Hijira Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane kayan da suka ba shi ajiya, alhali a garin ne ake ƙulla yadda za a kashe shi. In ƙiyayyar da ta kai ga zare takobi ba ta soke amana ba, ƙarin kuɗin haya ne zai soke ta? Kuma kada wani ya ce ai mai gidansa ba Musulmi ba ne. Amana ba ta tambayar addinin mai ita.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Kundin laifukan da kudancin ƙasar nan ya gada tun zamanin Turawa yana da babi guda a kan laifukan da suka shafi saƙon gidan waya, kuma a ciki har da ɓoye ko riƙe wasiƙar da ta zo hannunka alhali ka san ta wani ce. Mun san abin da wani zai ce: haba Malam, wa zai kai ni kotu a kan ambulan? Gaskiya ne, ba kasafai ake yi ba. Amma ka tuna abin da ake sakowa cikin ambulan a yau. Katin cire kuɗi, littafin cak, takardar fansho, takardar hannun jari. Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo a asusun Alhaji aka zo bincike, wa za a fara kamawa? Wanda ya sa hannu ya karɓa, ko wanda maƙwabta suka ji yana ba da labarin abin da ke ciki. A ranar, rantsuwarka da Alƙur'ani ba za ta hana ka kwana a bayan kanta ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

To me ɗan haya zai yi? Da farko ya gane cewa takardun nan ba iri ɗaya ba ne, kowace da yadda ake bi da ita.

Akwai wasiƙa rufaffiya, a liƙe, da sunan mutum a bayanta: ta banki, ta kamfani, ta asibiti, ta dangi. Wannan ba a buɗe ta, magana ta ƙare. Ka ɗauki hoton bayan ambulan ɗin da wayarka, ka tura wa mai gida ta WhatsApp ranar da ta zo, ka tambaye shi yadda yake so a yi. In ya ce ajiye mini, ka ajiye a inda ruwa da yara ba sa kaiwa. In ya ce aiko mini, motocin Arewa kullum suna tashi. Mu da muke aika goro da atamfa da kuɗin cefane, ambulan ce za ta gagare mu? In ya ce buɗe ka karanta mini, to izini ya samu, amma ka sa ya faɗa a rubuce ko a saƙon murya, ka adana, kuma ka buɗe a gaban wani babba na gidan. In kuwa ka neme shi sama da ƙasa babu labarinsa, babu wakili, babu magaji, ka sa a rubuta a bayan ambulan ɗin da Turanci cewa mai sunan ba ya zaune a nan, ka mayar gidan waya. Aikinsu ne su mayar wa wanda ya aiko. Kai ka fita.

Wasiƙar rajista da ta kamfanonin kai saƙo, waɗanda sai an sa hannu, suna da nasu hukuncin. Babu dokar da ta tilasta wa ɗan haya karɓar saƙon wani. Kana da ikon ka ce wa masinja: ba ya nan, ba nan yake zaune ba, ba a wakilta ni ba. Ya koma da abinsa. In ka zaɓi ka karɓa don zumunci, ka rubuta sunanka na gaskiya ka sa hannunka na gaskiya. Abin da muke gani na wani ya zana sunan Alhaji don masinja ya yi sauri ya tafi, wannan sa hannun jabu ne, laifi ne mai zaman kansa, ya fi buɗe wasiƙar ma muni.

Sai takardu buɗaɗɗu, waɗanda ake liƙawa a bango ko a ƙofa, ko a miƙa wa duk wanda aka tarar: ta haraji, ta shara, ta wuta, ta duba-gari, ta hukumar kula da gine-gine. Abin mamaki, mun juya al'amarin. Wadda aka liƙe don kada a karanta ita muke farkewa, wadda aka manna a bango don kowa ya karanta ita muke wucewa kamar ba mu gani ba, ko mu ɓanɓare ta don ta ɓata fenti. Waɗannan a karanta su, domin da gidan suke magana, mu kuma muna cikin gidan.

Mu ɗauki harajin amfani da ƙasa na jihar Legas. An kawo shi a 2001, aka haɗe harajin fili da na gini da na gyaran unguwa wuri guda. An sake dokar a 2018, jama'a suka yi ca, aka sake gyara ta a 2020. Kowace shekara takardarsa na zuwa ƙofar gida. Akwai rangwame ga wanda ya biya da wuri, akwai tara ga wanda ya yi jinkiri, kuma tarar ƙaruwa take yi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ɗora biyan irin waɗannan kuɗaɗe a kan mai gida, sai fa in yarjejeniyar hayarku ta faɗi wani abu daban. Saboda haka ɗan haya bai kamata ya yi gaggawar zare kuɗinsa ba. Amma kuma in an bar takardar tana ruɓewa a saman mita shekara da shekaru, dokar harajin ta bai wa hukuma dama ta juyo kan mazaunin gidan ta nemi kuɗin daga hayar da zai bai wa mai gida. Ka ga wutar ta iso gemunka ke nan. Hanyar da ta fi ita ce a sanar da mai gida tun ranar farko. In ya ce ku biya ku cire a kuɗin haya, ya faɗa a rubuce. A biya a banki, da lambar da ke jikin takardar, a adana rasit, a tura masa hotonsa. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a ƙofar gida, ko da ya zo da riga mai tambari da kati a wuya.

Ta hukumar gine-gine kuwa ta fi gaban maganar kuɗi, rai ne. In an zo an shafa jan fenti a bango an liƙa takarda cewa ginin ya gaji, a gwada ƙarfinsa ko a tashi, wa ke kwana a ciki, Alhaji da ke Kano ko 'ya'yanmu? Ba mu manta da benen Ita Faji da ya rufta a tsibirin Legas cikin watan Maris na 2019 da 'yan makaranta a ciki ba, kuma an ruwaito cewa tun kafin nan hukuma ta riga ta sa masa alama. Nan gida ma mun ga yadda aikin gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, ya taɓa gine-gine da shaguna. Irin wannan aiki da takarda yake farawa kafin katafila ta zo. Mai gidan da saƙo ya isa gare shi da wuri yana da lokacin neman lauya da tattara takardun filinsa, 'yan hayarsa suna da lokacin neman wani wurin. Wanda aka ɓoye masa, shi da 'yan hayarsa rana ɗaya za su ji labari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu zo kan wadda ta fi ko wace tsoratar da mu, sammacin kotu. A ƙa'ida, in an kai mutum ƙara, hannu da hannu ake ba shi takarda. In masinjan kotu ya zo ya tarar da kai, ka gaya masa gaskiya: ni ɗan haya ne, mai gidan ba nan yake zaune ba. Kada ka ce kai ne shi, kada ka ce kai ɗansa ne, kada kuma ka yi faɗa da ma'aikacin kotu. Zai koma ya shaida wa kotu bai same shi ba. Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne abin da ke biyo baya. Mai ƙara yana iya roƙon alƙali ya ba da izini a liƙa takardar a adireshin da aka san mutumin da shi na ƙarshe. Da zarar an liƙa bisa umarnin alƙali, doka ta ɗauka saƙo ya isa, ko ya gani ko bai gani ba. Kwanaki su fara ƙirguwa. In bai zo ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Ana iya neman a warware irin wannan hukunci daga baya, amma sai an kashe kuɗi da lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Yanzu mai ramuwa ya zo ya ba mu amsa. Ka ɓanɓare sammacin ka cusa ƙarƙashin katifa, Alhaji bai sani ba, an yanke masa hukunci. A kan me aka yi ƙarar? Wataƙila bashin banki ne da aka jinginar da gidan. Wataƙila wani ne ke cewa filin na kakansa ne. Wataƙila magada ne ke rigima. Ko wanne ne, gidan da kake ciki ake magana. In ya koma hannun wani, sabon mai gida bai san ka ba, bai san shekara goma sha biyar da ka yi kana gyara rijiya da kuɗinka ba, bai san alfarmar da ke tsakaninka da Alhaji ta jinkirin wata biyu in kasuwa ta yi sanyi ba. Alhaji ya rasa gida ɗaya, yana kwance a wani. Kai fa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sammacin da aka liƙa a bar shi inda yake, a ɗauki hotonsa shafi-shafi yadda ranar zaman kotu za ta fito sosai, a tura wa mai gida ko magadansa a ranar, a kuma bi da kiran waya.

Mun ji hujjojin da ake kawowa, kuma ba mu raina su ba. Wani ya ce, ni haya nake biya, ban zo aikin masinja ba. Gaskiyarka, kuma mun riga mun faɗa, kana da ikon ƙin karɓa. Amma ƙin karɓa daban, karɓa a yar daban. Wanda ya ce wa masinja koma da ita ya bar wa mai aikowa hanyar neman mutuminsa ta wani wajen. Wanda ya karɓa ya jefar ya sa mai aikowa ya ɗauka saƙo ya isa, shi kuma mai gida yana can bai san wainar da ake toyawa ba. Ka cuci mutum biyu da hannu ɗaya.

Wani ya ce, mu baƙi ne a garin nan, takardar gwamnati ba a taɓa ta, in ka taɓa ta manne maka. Wannan tsoron mun gaje shi, kuma ya daɗe yana cutar da mu. Kakanninmu sun zauna a Agege tun zamanin da goro da jirgin ƙasa suka haɗa ta da Arewa; a nan aka haifi da yawanmu, a nan muke biyan haraji, a nan muke jefa ƙuri'a. Har yaushe za mu riƙa ɓuya daga takarda? Ɗaukar hoton notis ba ya mayar da bashin wani kanka. Rashin sanin abin da ke cikinta shi ke sa a wayi gari an garƙame ƙofa kana tsaye da buta a hannu.

Wani ya ce, ai Turanci ne, ba ma ji. Yo gidan da babu ɗan sakandare ko ɗaya a Zango, a nuna mana shi. In maganar ta yi wa yaro nauyi, akwai malaman makaranta da ma'aikata da suke sahu ɗaya da mu a masallaci. Muna neman mai karanta mana saƙon banki in an turo mana kuɗi, ba mu taɓa cewa Turanci ya hana ba.

Shi kuma mai cewa an zalunce shi, an ƙara masa haya babu gyara, rufi na yoyo, masai ya cika, ba mu ce ƙarya yake ba. Amma dokar haya ta 2011 ta ba shi makamai na halal. Ta wajabta wa mai gida ba da rasit. Ta hana shi karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ta ce in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara-shekara na wata shida, bayan nan a ba shi na kwana bakwai cewa za a tafi kotu, kuma kotu kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire rufi ko ƙofa ko watso kaya waje laifi ne a dokar. Wannan kariya tana nan ko da gidan ya sauya hannu, muddin kana da shaidar cewa kai ɗan haya ne mai biya. Shi ya sa rashin ganin mai gida ba ya zama dalilin cinye kuɗin haya. Ka ci gaba da biya ta banki, ka rubuta na wane wata ne. In babu inda za ka tura, ka ware kuɗin ka ajiye su har mai haƙƙi ya bayyana. In rigima ta yi tsanani, gwamnatin jiha tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron irin wannan kyauta, tana kuma da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi. Kafin nan ma ga fadar Sarkin Hausawa, ga dattawan unguwa. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe, sai mutum ya zaɓi ƙarƙashin katifa?

Gargaɗi guda kafin mu juya ga masu gidaje. Takardun da ka tara, ba duk wanda ya yi sallama ya ce shi ɗan Alhaji ne ko ƙanen Baba ake miƙa wa ba. Garin nan ne fa ake rubuta wa gida a bango da manyan baƙaƙe cewa ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419. Ba a banza ake rubutawa ba. Ɗan damfara da ya samu takardar haraji ta asali da wasiƙar banki mai sunan mai gida ya samu rabin kayan aikinsa. Ka kira mai gida a gabansa. In mai gidan ya rasu, sai wanda magada suka yarda da shi, kuma ya rubuta sunansa ya sa hannu cewa ya karɓa.

Yanzu ku, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi masu gidaje, mun san mujallar nan tana isa hannun wasunku har can gida. Ku yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rabin laifin nan naku ne. Mutum ya bar gida mai ɗaki ashirin, bai bar lambar waya mai shiga ba, bai naɗa wakili ba, bai je banki ya sauya adireshi ba, ba a jin muryarsa sai ƙarshen shekara in kuɗin haya ya nuna. Kun mayar da 'yan haya masu gadin takardunku ba tare da kun roƙe su ba, in abu ya lalace kuma ku ce an ci amanarku. Amanar da ba ka damƙa wa kowa ba, wa za ka tuhuma? Ku naɗa wakili a rubuce, lauya ya tsara muku takardar wakilci, a liƙa sunansa da lambarsa a zaure. Ku sauya adireshinku a banki da wajen fansho, ko ku kama akwati a gidan waya. Ku kuma magada, gidan marigayi da aka bari shekara da shekaru ba a raba ba, ba a naɗa mai kula ba, kowa na zuwa karɓar haya babu mai zuwa karɓar takardar haraji, ku ji tsoron Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kiyateka da ejan ma ba mu manta da ku ba. Wanda ke yankar kasonsa a kuɗin haya amma ya danne notis don kada mai gida ya gane bai biya harajin da aka ba shi kuɗinsa ba, wannan ya fi ɗan haya mai sakaci laifi nesa ba kusa ba, domin shi da bakinsa ya karɓi wakilcin. Saboda irinsu muke cewa ko ka miƙa wa kiyateka takarda, ka tura wa mai gida hotonta kai tsaye.

Shawararmu ga unguwa ba ta bukatar kwamiti ko kuɗin taro. Kowane gidan haya ya sayi littafin rubutu guda, irin na 'yan firamare, da jakar leda mai zif. A zaɓi mutum ɗaya, wanda ya fi daɗewa a gidan ko wanda aka fi yarda da shi. Duk takardar da ta zo a rubuta ranar da ta zo, daga ina, wa ya karɓa, yaushe aka sanar da mai gida, me ya ce, wa ya zo ya ɗauka. Layi ɗaya ne. Ranar da magana ta tashi a gaban Sarki ko a gaban alƙali, littafin nan shi zai wanke mutanen gidan gaba ɗaya. Iyayenmu mata, ku ne a gida lokacin da masinja ke zuwa, don Allah ku ja wa yara kunne, kuma a nemi wani abin kunna gawayin. Limamai 'yan uwanmu, a taɓo maganar nan bayan sallar Magariba ko sau ɗaya ne. In akwai gidan da aka rasa mai shi gaba ɗaya, a kawo sunan masallaci a yi cigiya. A cikin sahu ba za a rasa ɗan garinsu ba.

Abin da ya zaunar da Bahaushe a ƙasar Yarbawa shekara da shekaru shi ne an san shi da riƙon amana. Da baki ake ba mu goro da shanu na miliyoyi, mu sayar mu kawo kuɗi. Abin kunya ne a ce mutanen da aka yarda da su a kan tirelar kaya sun kasa riƙe ambulan guda. Yau in an koma gida, a ɗaga kai a duba saman mita, a sauko da abin da ke wurin, a kakkaɓe ƙurar, a kira mai shi.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da unguwarmu lafiya. Wassalamu alaikum.